Wasiƙa ga 'yata da za ta shiga binciken gyaran ƙwayoyin gado

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, kuma na yi murna da jin kin zaɓi binciken dashen ɓargo da gyaran ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyayensa. Allah ya sa albarka. Na lura a saƙon kin fi yawan ambaton waraka, shi ya sa nake so ki san tarihin Farfesa Marina Cavazzana, likitar yara haifaffiyar Italiya da ta yi aikinta a asibitin Necker da ke Paris.

Daga dashen ɓargo ta faro. Kin fi ni sanin wahalarsa: dole a samu wanda ƙwayoyin jikinsa suka dace da na mara lafiya, kuma ko ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. Idan dacewar ba ta cika ba, sabon ɓargon na iya juyowa ya yaƙi jikin da aka dasa shi. Ita da abokin aikinta, likita Alain Fischer, suna kula da jariran da ake haifa ba garkuwar jiki saboda lahani a wata ƙwayar gado, waɗanda galibinsu ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu in ba a yi musu dashe ba. Sai suka ɗebi ɓargon yaron da kansa, suka sa ƙwayar bairos da aka raunana ta kai masa lafiyayyar ƙwayar gado, suka mayar masa da abinsa. A shekarar 2000 suka ba da rahoton jarirai biyu da garkuwar jikinsu ta tashi, suka koma gida wurin iyayensu.

A 2002 ɗaya daga cikin yaran da aka yi wa aikin ya kamu da sankarar jini, ba a jima ba wani ya biyo baya. Cikin yara 20 da aka yi wa irin wannan magani a Paris da Landan, 5 ne suka kamu a shekarun farko, ɗaya ya rasu. Nan nake so ki tsaya ki yi tunani. An dakatar da gwajin, aka sanar da hukuma da iyaye da sauran masu bincike. Suka bi diddigi har suka gano cewa bairos ɗin ya sauka kusa da wata ƙwayar gado mai suna LMO2, ya tayar da ita, ƙwayoyin jini suka yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Suka wallafa wannan da sunayensu a kai. Ki ƙiyasta nauyin zama gaban uwar da ke kika ce mata a gwada, ki gaya mata maganinki ne ya jawo wa ɗanta wannan ciwo. A wurina wannan wallafa ta fi ta 2000 daraja, domin da ita aka sake ƙera bairos mafi aminci. Da irinsa ne tawagarta ta yi wa wani yaro mai sikila ɗan shekara 13 aiki, rahoton ya fito a 2017.

Don haka kafin ki sa hannu a kowace tawaga, ki tambaye su shekara nawa suke bin mara lafiya bayan aiki. Hukumar magunguna ta Amurka tana neman a bi masu irin wannan magani har shekara 15, kuma ba banza ba. Ki tambaya wa ke kai rahoto idan abu ya ɓaci, kuma ko ƙaramar ma'aikaciya irinki za ta iya buɗe baki ba tare da tsoro ba. In suka yi miki kwana-kwana, ki nemi wani wurin, ko da sunansu ya cika duniya.

Idan kina neman amincewar iyaye, kada ki ɓoye musu cewa kafin a mayar wa mai sikila ɓargon da aka gyara, sai an kashe tsohon da magani mai ƙarfi, wanda kan iya hana shi haihuwa har abada. Ki faɗa da harshen da suke ji, ki ba su lokaci su je su yi shawara.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ke ci mini rai. Casgevy, maganin sikila da Amurka ta amince da shi a Disambar 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan masu wannan ciwo a Afirka ake haifarsu. Idan aka ba ki zaɓin abin da za ki bincika, ina roƙonki ki duba ɓangaren da zai sauƙaƙa aikin ya rage tsadarsa.

Ki rubuto mini amsar da tawagar da za ki shiga ta ba ki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa samun barci. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Mahaifinki