Kafin ka tashi daga Panteka

Assalamu alaikum. Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, a bakin kawunka na ji maganar nan, ba a bakinka ba, kuma hakan ya ɓata min rai. Wai za ka kwashe injin walda da yaranka ka bar Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, ka koma wani fili bayan Rigachikun, don wani ɗan kwangila ya ce ƙofofi da tagogin gidajensa duk kai za ka yi, muddin ba ka karɓi aikin kowa ba.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ya hana ni barci. Mai saye guda ɗaya!

Ka san a Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, na ƙare ƙuruciyata. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka kafa masaƙar farko a can, wasu suka biyo baya. In aka tashi aiki, kekuna ne ke cika titi har ba wurin taka ƙafa. Mai tuwo a bakin ƙofa, mai facin taya, mai gidan haya, dillalin atamfa, har manomin auduga a Funtua, kowa a jikin masaƙa yake ci. Da wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2002 da 2007. Mai tuwo ba ta yi laifin komai ba, amma da ita aka faɗi. Kana ƙarami lokacin, ka dai tuna shekarar da muka bar gidan nan mai bishiyar mangwaro.

Panteka kuwa tana nan. In ƙarfe ya yanke maka, taku kaɗan ne wurin mai sayarwa, kuma zai ba ka bashi don ya san ubangidanka. Injinka ya tsaya, maƙwabci ya ara maka nasa. Kafinta ya turo maka mai aiki, kai ka tura wa mai fenti, ɗaliban Kaduna Polytechnic su shigo da zanen abin da ba ka taɓa ƙerawa ba, ka koya. Wannan ma jari ne, kuma ba ya shiga mota a kai shi Rigachikun. Ranar da aka riƙe wa ɗan kwangilar nan kuɗinsa, wa zai ba ka ƙarfe bashi a can?

Kuma ka yi shawara da ubangidanka? Mutumin da ya sallame ka da kayan aiki, a bakin mutane zai ji ka tashi? Ba haka na rene ka ba.

Ban ce ka ƙi aikin ba, arziki ne, kuma na san hannunka. Karɓa, ka ƙaro yara, amma rumfarka ta zauna a buɗe, a cire sharaɗin nan, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ba ka kafin alƙalami.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu zauna har da kawunka. Innarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka