Zuwa ga ɗana da ya sa kaki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, hotonka da tauraro a kafaɗa ya iso. Allah ya sanya albarka.

Wata magana ta tsaya mini a rai tun zuwanka hutun Sallah, da na ji ka a zaure kana ce wa abokanka ƙasar nan sai soja. Ba a haife ka ba a zamanin Janar Abacha, 1993 zuwa 1998. A Kano har gobe akwai masu yi masa addu'a saboda titunan PTF (asusun rarar kuɗin man fetur) da magani a asibiti, ban kuma ce ƙarya suke yi ba. Amma a zamanin ne aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan ƙabilar Ogoni, da mutum takwas a Fatakwal a Nuwamban 1995, bisa hukuncin kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙararta. A 1996 aka harbe Kudirat Abiola, matar MKO Abiola, haifaffiyar Zariya, cikin motarta a Legas. Shehu Musa 'Yar'aduwa manjo janar ne fa, ya taɓa zama na biyu a ƙasar nan, amma a kurkukun Abakaliki ya cika a Disamban 1997. Dokar soja ta 2, wadda aka gada tun 1984, ta halatta a tsare mutum ba tare da ya ga alƙali ba. Mu a majalisarmu ta bayan la'asar, da zarar baƙuwar fuska ta zauna kan tabarma, sai hira ta koma kan tsadar taki.

Ka sani, masu buga ƙofar mutane cikin dare ba janarori ba ne. Ƙananan ma'aikata ne sa'o'inka, kowa da uwarsa, kowa yana cewa umarni ne daga sama. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam ya saurari kukan jama'a, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Miyagun ɗabi'un kuwa suna nan: bulala a shingen hanya, sa magidanci tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa.

To, in an kawo maka wanda aka kama, ka rubuta sunansa da ranar da ya shigo, iyalansa su san inda yake. Kada ka bar yaranka su taɓa wanda hannunsa ke ɗaure. Umarnin da ba ka natsu da shi ba, ka nemi a ba ka a rubuce. In hakan ya jawo maka jinkirin ƙarin girma, ka dawo gida mu yi magana, ba zan ga laifinka ba.

Mahaifinka.