Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Babura a Birnin Katsina

Zuwa ga Alhaji mai shago, da babban makanikensa, da sauran ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa yadda kuka tafiyar da cinikin babur mai ƙafa uku na doguwar tafiya da na saya ta hannunku, tun daga ranar da na fara kawo maganar har zuwa lokacin da aka miƙa mini makulli da takardu. Alhaji ya roƙe ni kada in ambaci sunansa ko na shagon, domin a cewarsa ba ya son godiya ta koma talla, kuma na mutunta wannan roƙo, ko da yake na san masu harkar babura a cikin birni ba za su sha wahalar gane inda nake nufi ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, kuma tun ina saurayi nake hawa babban babur, amma shekaru da ciwon gwiwa sun kai ni matsayin da ba na iya tokare babur mai nauyi da ƙafa ɗaya idan na tsaya a cunkoso ko a kan yashi. Duk da haka ban so in haƙura da zuwa Daura, inda dangina suke, tafiyar kimanin kilomita 80, ko Kano idan sha'ani ya taso. Saboda masu karatu, abin da nake magana a kansa ya sha bamban da Keke NAPEP na Bajaj ko TVS da ke jigilar fasinja a titunanmu, waɗanda injinsu bai kai cc 250 ba. Wannan babur ne na mutum biyu, mai akwatunan kaya, wanda injinsa ya kai na ƙaramar mota, kuma an ƙera shi domin a yini a kansa bisa kwalta.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da kuka yi kafin a yi maganar farashi. La'adarku kaso ce daga cikin kuɗin abin da aka saya, saboda haka duk babur da ya fi tsada shi ya fi muku riba, kuma na zo muku da niyyar sayen mai tsadar. Maimakon ku karɓi kuɗi ku yi oda, sai Alhaji ya sa aka kawo takarda, ya ce: "Yallaɓai, doki ba sayensa ne wahala ba, harawa da dusa da kuɗin mai kula da shi su ne suke raba mutum da shi; bari mu lissafa abincin wannan dokin tukuna." Daga nan aka ja layi uku a takardar, kowane babur da nasa, aka shiga rubuta abin da zai ci a shekara da abin da zai faru ranar da ya lalace a tsakanin Mashi da Daura.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi tun farko shi ne Can-Am Spyder RT, na kamfanin BRP da ke ƙasar Kanada, wanda aka fara fitar da jinsinsa a 2007. Tayoyinsa biyu suna gaba, ɗaya a baya, kuma tun daga 2014 yake ɗauke da injin Rotax mai silinda uku, cc 1330. A irin da aka fi samu babu matse kuloci, da yatsa ake sauya giya, birki kuma feda ɗaya ce da ke kama tayoyin uku gaba ɗaya, ga ribas, ga na'urar da ke hana shi kifewa a kwana. Ga mai ciwon gwiwa, babu abin da ya fi wannan daɗin ji. Babban makanikenku bai kushe shi ba, har ma ya ce a cikin ukun shi ne ya fi tsayuwa daram idan aka taka birki da ƙarfi. Sai dai ya bayyana mini cewa duk wannan sauƙi kwamfuta ce take tafiyar da shi, kuma idan ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin da ke kai mata rahoto ta samu matsala, babur ɗin yakan rage ƙarfinsa da kansa, sannan gano ainihin ciwon yana buƙatar manhajar kamfanin ta musamman. Ya faɗa mini ƙarara cewa shagonku ba shi da wannan manhaja, kuma ba zai yi mini alkawarin gyaran abin da ba zai iya dubawa ba. A ganina wannan magana ta fi kowace muhimmanci a zaman, domin makanikai da yawa sun gwammace su kwance inji su yi ta lalube da kuɗin mai shi da su furta cewa abu ya fi ƙarfin kayan aikinsu.

Ya ƙara da wasu abubuwa biyu da ba a rubuta su a takardar talla. Cikin Spyder RT bai fi kimanin santimita 12 daga ƙasa ba, alhali wasu tudun rage gudu da ake ginawa a garuruwan da ke bakin hanya sun kai haka ko sun fi. Kuma bel ne yake juya tayar baya, wanda ba ya buƙatar mai kamar sarƙa kuma yana daɗewa a kan titi mai tsabta, amma tsakuwa ɗaya idan ta shiga tsakaninsa da haƙoran da yake bi tana iya huda shi, ga shi kuwa unguwarmu ba ta da kwalta har ƙofar gida.

Na biyu shi ne Harley-Davidson Tri Glide na Amurka, wanda ya fito a 2009, mai taya ɗaya a gaba da biyu a baya. A kansa ba mu daɗe ba. Sabonsa ya haura dala 30,000 tun kafin a ɗora shi a jirgi, nauyinsa ya wuce kilo 500, shi ma bel yake amfani da shi, kamfanin yana son a zuba masa fetur mai daraja ta sama, kuma babban injinsa mai silinda biyu yana fitar da zafi a daidai ƙafafun mahayi, abin da za a iya jurewa da hunturu amma ba a watan Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40 a Katsina.

Na uku, wanda a ƙarshe na saya, shi ne Honda Gold Wing GL1800 na hannu, wanda aka mayar mai ƙafa uku. Alhaji ya fayyace mini cewa Honda ba ta ƙera shi da ƙafa uku. Mai ƙafa biyu take yi, sai wasu ƙananan kamfanoni, galibi a Amurka, su cire tayar baya su ɗaura gatari mai tayoyi biyu da sabon jiki. Saboda haka a nan abu biyu ake saye, babur da kuma aikin wanda ya juya shi, kuma kowanne sai an bincika shi daban. Injin, wanda aka fara fitarwa a 2001, silinda shida ne a kwance, cc 1832, ruwa ne yake sanyaya shi, yana shan fetur na gama-gari ba tare da ƙorafi ba, yana da ribas na lantarki, kuma farfela ce take kai ƙarfi baya, a rufe, inda yashi da tsakuwa ba sa kaiwa. Tayoyin baya na mota ne, waɗanda kowane mai faci a bakin hanya ya san yadda zai yi da su, kuma ana samun irinsu a kasuwar kayan gyara ta cikin gari.

Abin da ya ƙara mini yarda da ku shi ne ba ku ɓoye aibin wanda kuka ba ni shawara a kansa ba. Kun gaya mini matatar iskar wannan babur tana can ciki, sai an kwance kusan dukan jikin sama kafin a kai gare ta, aikin da ke cin sa'o'i, kuma ƙurar hunturu za ta tilasta a riƙa sauya ta fiye da yadda littafin kamfani ya tsara, don haka kuka rubuta kuɗin aikin a lissafin shekara. Kun ce tayar gaba ta babur ce, ba a samunta a nan sai an yi oda, kuma tana saurin cinyewa tunda babur ɗin ya daina kwantawa a kwana, ita ce take ɗaukar dukan turjiyar juyawa. Kun kuma ja hankalina cewa nauyin gatarin baya yana ƙara shan mai, ta yadda tankin lita 25 zai kai ni Kano lafiya amma hankali shi ne in sha mai kafin in juyo. Har ila yau kun nace sai an samo wanda aka riga aka gyara masa kusurwar ƙafar gaba domin kan ya yi sauƙin juyawa, kuka ƙi wani da ya fi araha saboda ba a yi masa wannan aiki ba, kuma yanzu da nake tuƙawa na fahimci cewa kafaɗuna ne suka ci ribar wannan naci.

Sashen lissafin da ya fi tsorata ni shi ne na canji. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024, dala kuma ta ninka fiye da sau biyu a farashin hukuma. Kun bayyana mini cewa kuɗin fito na kwastam ana lissafa shi ne da canjin lokacin da aka shigar da takardun kaya, ba na ranar da aka biya kuɗin babur ba, saboda haka kuka ƙi ba ni jimilla guda ɗaya, kuka ba ni mafi ƙaranci da mafi yawa, kuka ce in tanadi mafi yawan kafin a fara. Aka jera kuɗin jirgin ruwa, da na fito, da na ejan a tashar Legas, da na motar da za ta ɗauko shi zuwa Katsina, kowanne a layinsa, kuma da kaya suka iso aka ba ni rasit na kowane layi. Abin da ya rage daga kuɗin da na ajiye an dawo mini da shi ba tare da na tambaya ba.

Batun takardu ma ba ku bar ni ni kaɗai ba. Yaronku ya raka ni wajen yin rajista da karɓar lamba, kuma Alhaji ya bambance mini inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, da cikakkiyar inshora, wadda bisa ƙa'idar da hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fara aiki da ita a Janairun 2023 ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawa a kowace shekara. Ga babur mai irin wannan daraja wannan kuɗi ne mai kauri, kuma da ba a sa shi a takarda tun farko ba, da ya zo mini a ba-zata. Kun kuma tuna mini cewa jiharmu ta taɓa kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da kekuna masu ƙafa uku da dare a 2021 saboda matsalar tsaro, don haka in riƙa tambayar dokar da ke aiki a ƙaramar hukumar da zan ratsa, in riƙe takarduna a jiki, in kuma tsara tafiya ta ƙare kafin magariba.

Ina miƙa godiya ta musamman ga babban makanike saboda darasin tuƙi da ya ba ni a wani fili kafin ya yarda in hau titi. Na ɗauka gogewar da nake da ita a kan mai ƙafa biyu za ta wadatar, shi kuwa ya ce ita ce ma abin tsoro, domin mai ƙafa biyu kwantar da shi ake yi a kwana, wannan kuwa da ƙarfin hannu ake juya shi, kuma idan aka shiga kwana da gudu jiki waje yake zamewa, tayar ciki ta baya tana iya ɗagawa. Ya sa na yi ta zagaye tsofaffin tayoyi har na saba da faɗin baya, wanda mahayi ba ya gani kuma shi ne yake shafar mota ko bakin kwata. Ya hana ni sauke ƙafa ƙasa idan zan tsaya, saboda tayar baya tana iya hawa diddige. Ya kuma nuna mini cewa sawun tayoyin uku ne a kan titi, don haka ramin da tayar gaba ta kauce masa yana jiran ɗaya daga cikin na baya, kuma maganinsa rage gudu ne tun daga nesa. Bai karɓi ko sisi a kan wannan ba, da na matsa masa sai ya ce: "Baba, ka dai dawo mana da shi gyara da ƙafarka."

Akwai roƙo guda da zan haɗa da wannan godiya. Na lura cewa makanike ɗaya ne a shagon ya san cikin wannan inji, kuma ranar da ya yi tafiya aikina jira ya yi har ya dawo. Ina ba da shawara a ware ɗaya daga cikin yaran da ke koyon aiki ya riƙa tsayawa tare da shi duk lokacin da aka kawo babur ɗina, kuma na amince a ɗauki tsawon lokacin da koyarwar take buƙata ko da zai jinkirta mini. Haka nan zan so ku riƙa ajiye tayar gaba guda da matatar iska a shago bisa asusuna, yadda kuka ba da shawara tun ranar lissafi, zan kuma turo kuɗin a ƙarshen wata idan fansho ya shigo.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sanya albarka a kasuwarku da iyalanku, Ya kiyaye mu da ku a kan hanya.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikaci mai ritaya,
Katsina.