In ci gaba da LCD ko in koma koyon OLED?

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara basira.

Ni mai gyaran waya ne a Kano, shekara tara ke nan ina wannan sana'a, kuma sikirin na LCD shi ne ya fi kawo mini abinci. Na san shi kamar yunwar cikina. Ba ya haske da kansa, fitilun LED ne a bayansa. A gaba akwai ledoji biyu masu tace haske, a tsakaninsu kuma ɗan siririn ruwan kiristal. In an ba shi lantarki sai ƙwayoyinsa su juya, su bar haske ya wuce ko su tare shi. Kowane ɗigo kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne da ɗan taransistonsa. Shi ya sa in aka kawo mini waya ta yi duhu, tocila nake fara haskawa. In na hango hoto dishi-dishi, na san fitilar baya ce ta mutu, sai in gyara wa mutum da kuɗi kaɗan maimakon a canja sikirin gaba ɗaya. Wallahi wannan ne ya fi faranta mini rai a aikin.

Kuma fasahar ba a tsaye take ba. Tun da kamfanin Hitachi ya fito da wani nau'in LCD mai suna IPS a 1996 launi ya daina ɓaci in an kalla ta gefe, yanzu ga mini-LED, inda ake rage hasken wani yanki shi kaɗai don baƙi ya fito baƙi wuluk.

To amma Malam, Samsung sun daina ƙera LCD tun 2022, manyan wayoyi kuma sun koma OLED, wanda kowane ɗigonsa ke haske da kansa. A nan tocilata ba ta da amfani.

Na ɗauki adashi watan jiya. Maigidana ya ce in sayi injin raba gilashi da na manna shi, tunda wayar talaka har gobe LCD ce. Ƙanena kuma ya ce in rufe shago wata uku in je in koyi aikin OLED kafin jirgi ya bar ni. Ina da mata da yara uku, kuɗin ba zai kai duka biyun ba.

Don Allah a ganinka LCD zai kai shekara nawa a hannun mutanenmu? Kuma injin da zan saya, zai yi mini aiki a kan OLED nan gaba?

Na gode.
Mai sauraronka kullum, daga Kano.