Sanarwa kan zaɓen farantin da'irar mikrowef (da'irar lantarki ta sigina mai saurin kaɗawa sosai)

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tambaya ko FR-4, wato farantin da'ira na gama-gari, zai wadatar, ga amsa. Idan saurin kaɗawar sigina yana ƙasa da 2 GHz (kaɗawa biliyan biyu a daƙiƙa) babu laifi. Da an haura nan sai ya fara shanye sigina, asararsa, wato ma'aunin yadda yake shanye siginar, kusan 0.02 ce. Dk ɗinsa kuma (ma'aunin yadda farantin ke rage gudun sigina), wajen 4.4, ba ya tsayawa daram, sai ka auna layin tagullar da aka tsara turjiyarsa ta zama om 50 ka tarar ya kauce.

A 10 GHz ni dai farantin RO4350B zan ɗauka: Dk 3.48, asara 0.0037, kuma ana huda shi kamar FR-4. Farantin RT/duroid 5880 ya fi shi ƙarancin asara, 0.0009, amma laushi gare shi, shafa tagulla a ramukansa sai an sha wuya.

Ku fara tambayar masana'anta kaurin farantin da ke hannunsu kafin ku lissafa faɗin layi.