Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan maganar man fetur da wutar lantarki tsakaninmu da Nijar

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya.

Mu ne talakawanka na nan bakin iyaka yankin Maigatari, ƴan acaba da masu injin markaɗe da masu ban ruwa da ƴan kasuwar dabbobi, muka zauna muka ce gara mu rubuto maka tunda kai ne uba, kuma kai ne kake da bakin da zai kai kukanmu fadar Gumel daga can ya wuce sama.

Ranka ya daɗe tun watan Nuwamba 2019 da aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka muka shiga wani hali, an ce don a hana fasa ƙwauri ne, to masu fasa ƙwaurin dai sun san hanyoyin daji, mu da ba mu ji ba ba mu gani ba mu aka bari da ƴan bumburutu. Wallahi akwai dattijo a cikinmu mai injin markaɗe da sai ya tura yaronsa da jarka a bayan mashin ya yi tafiya mai nisa kafin ya samo galan biyu, man da zai ƙona a hanya ma ya cinye ribar, mata suna zaune da bokitan gero tun hantsi har azahar suna jira. Sai ga 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 har ta wuce dubu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ga matatar man Nijar mai suna SORAZ can kusa da Damagaram, tun 2011 take aiki tana iya tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin man Agadem da ke Nijar, ta fi Legas kusa da mu nesa ba kusa ba. A 2018 Buhari da Issoufou, shugaban Nijar na lokacin, sun sa aka rattaba hannu kan maganar bututu da matata a jihar Katsina, a 2020 aka sake wata yarjejeniyar shigo da man Nijar, mu dai a rediyo muka ji su. Yanzu ɗanyen man Agadem bututu na kusan kilomita 2,000 ke kai shi teku ta Benin tun 2024, ya bar mu nan maƙwabta muna kallo.

Su ma ƴan uwanmu na can ba su tsira ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka yanke musu wuta aka rufe iyaka, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga Najeriya take zuwa, sai a 2024 aka janye takunkumin. Waɗanda suka kwana a duhu a Maraɗi da Damagaram ai surukanmu ne da ƴaƴan da muka aurar, kasuwarmu ta Alhamis kuwa ta zama kamar an yi ruwa an ɗauke, ba raƙumi ba sa, dillalai suna zaune suna korar ƙuda. Shugabanni ne suka yi faɗa mu muka sha dukan.

Don haka muke roƙo, dan Allah ranka ya daɗe, ka kai wa Mai Martaba maganar nan ya yi amfani da zumuncin da ke tsakanin masarautarmu da ta Damagaram, sarakuna su haɗa baki su gaya wa gwamnatocin biyu a cire mai da wuta daga cikin rigimar siyasa, a rubuta shi a yarjejeniya yadda ko an saɓa ba za a taɓa su ba. A buɗe hanyar halak da tankoki za su riƙa shigowa da fita ta ƙofarmu da takarda da haraji, duk ƙasar da ta rasa mai sai ƴar uwarta ta ba ta, kuma gidajen man da suka mutu tun waccan doka a taimaka su dawo aiki, in lissafi ake so a sa masu unguwanni da dagatai su riƙa sa ido kan kowace tanka, mun yarda. Sannan bututun gas na AKK da zai taso daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya tsaya Kano, da wanda ake ta maganar zai ratsa Nijar ya je Aljeriya, a tuna da mu tun yanzu, kar gas ya bi ta ƙasarmu ya tafi Turai matanmu na nan suna sayen icce.

A shirye muke mu zo fada mu yi bayani baki da baki duk ranar da ka sa mana.

Allah ya taimake ka. Mu ne talakawanka na bakin iyaka, sa hannunmu da dangwalen yatsa na nan a takardar da muka haɗo da wannan.