Godiya ga Ustan da Ya Tayar da Babur ɗin Mahaifina a Kassala

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa ta godiya ce ga wani dattijo mai gyaran babura a unguwar Gharb al-Gash, nan Kassala ta ƙasar Sudan, shi da yaran warsharsa, wato garejinsa, su uku. Na nemi izinin sa sunansa, ya hana ni, ya ce aikin da aka biya kuɗinsa ba ya buƙatar shela. Na bi maganarsa, zan kira shi Usta kamar yadda kowa ke kiransa. Shirun ne kawai ba zan iya ba, domin abin da ya yi mini ni da ɗana ya wuce wanda ake biya da kuɗi a juya baya.

Babur ɗin na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Honda CG125 ne ja, ya saye shi na hannu a farkon shekarun 1980 da abin da ya tara a aikin auduga a Halfa Jadida. Da shi yake ɗauko albasa da ganye daga sawagi, wato lambunan gefen gari, ya kai kasuwa tun kafin rana ta fito, kuma a bayansa na fara ganin dutsen Taka daga nesa ina riƙe da jallabiyarsa. Da ya rasu, babu wanda ya iya taɓa shi. Muka tura shi ƙarƙashin rumfa muka rufe da buhuna, ya shekara goma sha ɗaya a wurin, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai.

Yaƙi ne ya sa na yaye buhunan. Tun da abin ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan mutanen Wad Madani sun kwararo a Disamba, gidanmu ya cika da 'yan'uwa, kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, ya gagari talaka. Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, kun san al'ada, ya samu aikin kai kayan lambu shaguna, amma sai da abin hawa. Sabon babur kuwa ko tambayar kuɗinsa ban yi ba.

Kafin in kai ga Usta na sha wuya, kuma ina so a ji wuyar, don a gane dalilin wannan godiya.

Bakaniken farko ko sunkuyawa bai yi ba. Ya sa ƙafa ya taɓa tayar baya, ya ce in kai wa masu sayen ƙarfe su auna. A gaban yarona ya faɗa. Na biyu ya karɓe mu da fara'a da shayi, ya ce sati biyu, na tura masa kafin alƙalami ta manhajar banki ta Bankak tun ban bar wurin ba. Sati biyun nan ya zama wata biyar. Yau babu wuta, gobe kayan suna hanya daga Port Sudan, jibi yaronsa ne ba lafiya. Ranar da haƙurina ya ƙare na je ɗauka, na tarar da babur ɗin a yashe a rana, kujerarsa ta tsage, kuma kafiretarsa ta asali, mai rubutun Keihin a jiki, babu ita. An maƙala wata sabuwa mai ƙyalli irin ta kwaikwayo. Da na yi magana ya rantse da Allah haka na kawo shi. Rantsuwar ta fi satar yi mini ciwo. Na uku kuwa cewa ya yi a cire injin gaba ɗaya a sa na China, shi kuma ya riƙe tsohon ya rage mini kuɗin aiki. A lokacin ban gane ba, sai daga baya na fahimci cewa tsohon injin shi ne abin da yake so.

Da wannan zuciyar na isa wurin Usta, bayan wani maƙwabcina ya matsa mini a masallaci. Na tafi ne a shirye da faɗa.

Tambayarsa ta farko ita ce: “Malam, na wa ne?” Na ce na mahaifina ne. Ya yi masa addu'a, sannan ya tsuguna. Ya ɗora hannu a kan kik ya danna a hankali, ya ji ya cije, bai ƙara ƙarfi ba. Ya kwance filogi, ya tsiyaya mai kaɗan a ramin, ya mayar. Ya ce: “Fistin ne ya kama. In an tilasta masa yau, zobba za su karye. A ba shi kwana uku ya sha mai.” Na tambayi nawa zan ajiye. Ya ce ba ya karɓar kuɗin abin da bai riga ya buɗe ya gani ba. Wallahi sai da na sake tambaya, don na ɗauka ban ji daidai ba.

Da na koma, ya miƙo mini gefen kwali ya rubuta abubuwa kashi uku: wanda dole a sauya, wanda zai iya jira sai na samu hali, da wanda bai kamata a taɓa ba. Kashi na ukun ya fi tsawo. Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayanin injin kamar mai karantar da ɗalibi. Ya ce Honda sun fito da wannan samfurin a 1975 saboda ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa kuma mutane ba sa juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta. Shi ya sa ba su sa masa sarƙar da ke juya bawul a saman inji ba, sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa, inda mai ke isa da sauƙi. Ya ce wanda ya ba ni shawarar jefar da wannan injin, ko dai bai san shi ba, ko kuma ya san shi sarai. Wutarsa ta da ce, mai ƙarfin lantarki bolt 6, da abin da masu gyara a nan ke kira bilatin, wato ƙarafan nan biyu da ke buɗewa su rufe su ba filogi tartsatsi. Ya faɗa mini gaskiya cewa ana iya mayar da shi tsarin zamani mai bolt 12, fitila za ta fi haske, tashi zai fi sauƙi, amma kuɗi ne, kuma ba dole ba ne yanzu. Ya bar mini zaɓi. Na zaɓi a bar shi yadda Baba ya san shi.

Sauran aikin ba sai na ja shi ba: zobban fistin, takalman birki, wayoyin kuloci da totur, tayoyi, sarƙa da haƙoranta gaba da baya a tare, an wanke tsatsar tanki. Kafiretar ce ta ɗauki lokaci, don ya ƙi yarda da ta kwaikwayon, sai da ya sa wani abokinsa a Gadarif ya samo masa tsohuwar Keihin ya wanke ta da hannunsa. Duk abin da ya cire ya zuba a buhu ya ba ni, har da kusoshin da suka lalace. Tunda nake kai abu gyara a garin nan, ba a taɓa mayar mini da tsohon kaya ban roƙa ba.

Amma ba don wannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba.

Yarona yana da shekara goma sha biyu wani kawunsa ya faɗi da shi a bakin gadar kogin Gash, ƙafar yaron ta karye, ya yi watanni a kwance. Tun daga ranar ko goyo ba ya yarda a yi masa a babur. Ni na san haka, amma na ɗauka buƙata za ta kori tsoro. Ranar da Usta ya buga kik injin ya tashi bayan shekara goma sha ɗaya, ni hawaye nake yi don ƙarar Baba na ji, shi kuwa yaron baya ya ja har ya bugi bango, hannunsa na rawa. Wani da ya kawo gyara ya tuntsire da dariya, ya ce ƙato kamar wannan da tsoron motar. (A nan Sudan, ga 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar, babur ake ce wa motar.) Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san abin da yaron ke ji.

Usta ya kashe injin. Bai ɗaga murya ba, ya dubi mutumin ya ce: “Yaran da na je jana'izarsu saboda babur suna da yawa. Babu matsoraci ko ɗaya a cikinsu.” Wurin ya yi tsit. Sai ya juya ga yaron ya ce: “Ɗana, gobe bayan la'asar ka zo. Kai kaɗai, ban da babanka.”

Abin da ya biyo baya daga bakin yaron na ji shi. Akwai filin ƙwallo mai tauri a bayan warshar. Ranar farko ba a tayar da inji ba sam. Tura babur ɗin ya yi ta yi, ya kama birki, ya ɗora shi a kan ƙafa, ya sauke. Sannan Usta ya sa shi ya kwantar da babur ɗin a ƙasa da gangan, ya nuna masa yadda ake juya masa baya a ɗaga shi da ƙarfin cinya, don ya gani da idonsa cewa faɗuwar babur ba ƙarshen duniya ba ce. Rana ta biyu kuloci kawai, ya saki a hankali har ya ji inda yake kamawa, ya sake matsewa, ba a taɓa totur ba. Dattijon nan mai furfura, da ciwon gwiwarsa, yana tafiya a gefe riƙe da ƙarfen baya. Ya koya masa ya kalli inda yake son zuwa, kada ya kafa wa rami ido, domin inda ido ya tafi nan babur ke bi. Ya koya masa haɗa birki biyu, da cewa a cikin yashi ba a damƙe na gaba, abin da ya zama wajibi a garin da rabin lungunansa rairayi ne. Kwana tara suka yi a haka. Da na kawo maganar kuɗin koyarwa, sai ya ɓata rai, ya ce: “Malam, ashe ɗanka ba ɗana ba ne?”

Kuma ya hana mu makulli sai da muka kawo hular kwano ya gani. Na ce za mu saya ƙarshen wata, ya ce to babur ma ya jira ƙarshen wata. Ya gindaya wa yaron sharaɗi: ya nemi lasisi, kada ya ɗauki kowa a baya tukuna, kuma kada ya kuskura ya hau babban titin Port Sudan cikin manyan motoci sai hannunsa ya faɗa.

Abin da ke damuna shi ne, me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki? Mutum ya faɗi gaskiya, ya cika alkawari, ya mayar maka da kayanka, sai ka ji kamar ka tsinci zinariya. Baƙin mai na jabu ya cika kasuwa, a cikin galan mai hatimi kamar na gaske. Kayan gyara iri uku ne a kwali iri ɗaya, a sayar maka da na ƙasa a kuɗin na sama. Wanda ya gudo daga yaƙi, da an ji harshensa ba na nan ba ne sai a ninka masa kuɗi, kamar masifar da ta koro shi ba ta ishe shi ba. Koyar da tuƙi kuwa, a ɗora yaro a kan babur a tura shi, in ya faɗi a yi masa dariya, in bai faɗi ba gobe ya ɗauki ƙannensa biyu ya shiga kasuwa babu fitila babu hula. Mu iyaye muna da namu laifin a nan, domin muna gani muna shiru. Su kuma masu sana'a, da yawansu sun mai da “insha Allah gobe” makullin rufe bakin mai kaya, alhali kalma ce mai nauyi.

Juma'ar da ta wuce yaron ya tuƙa shi kaɗai har gindin dutsen Totil, ni ina biye a raksha. A hankali yake tafiya, yana ba kowa hanya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai inda ya kamata. Muka sha ruwan rijiyar da ke wurin, muka zauna aka kawo mana jabana, wato kofi, mai citta, yana ta leƙen babur ɗin inda ya ajiye shi. Akwai wata lotsawa a gefen tanki, inda buhun albasa ya taɓa faɗo wa Baba. Usta ya tambaye ni ko a buge ta a yi fenti, na yi shiru, sai ya ce wa yaransa kada wanda ya taɓa wurin. Tana nan.

Usta, Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku lafiyar gwiwar nan, ya yi wa yaran warsharku albarka, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Kun ce a dawo da shi bayan kilomita 500 a juye mai a duba bawul. Yaron ya ce shi zai kawo shi da kansa, kuma mahaifiyarsa ta ce a shaida muku akwai ƙwaryar fura da za ta biyo shi.

Wassalam.